Ɗanka a Filin Sukuwa: Doki Yake Kallo ko Kuɗi?

Kwanakin baya wani magidanci ya same ni da wata damuwa a nan Keffi. Ya ce lokacin hawan Sallah ya ɗauki ɗansa mai shekara 9 suka tafi kallon dawakai. Da aka tashi daga hawa, wasu samari suka ware gefe suna gwada gudun dawakinsu bibbiyu. Wani abokinsa da ke tsaye kusa ya ce su zuba naira 500 kowannensu, don nishaɗi kawai. Shi kuwa ya juya ya ce wa yaron ya zaɓa masa doki. Yaro ya nuna akawal, akawal kuwa ya riga kili isa. Uban ya karɓi kuɗi, ya saya wa yaron tsire da lemo, suka koma gida da murna. Tun daga ranar, in ji shi, yaron bai sake tambayarsa yadda ake ɗaura sirdi ba. Tambayarsa guda ce: "Baba, yaushe za mu koma mu ci kuɗi?" Sai magidancin ya dube ni ya ce, "Malam, na yi laifi da na kai shi? Yanzu sai in raba shi da doki ke nan har abada?"

'Yan'uwa, wannan tambaya ta cancanci mu zauna a kanta, gama ba ta mutum ɗaya ba ce.

Bari mu fara da dokin kansa. Duk wanda ya san tarihin ƙasar nan ya san ba a raba shi da doki. A farkon ƙarni na 19 Abdu Zanga ya kafa Keffi, garin kuma ya daɗe yana ƙarƙashin Zazzau. A zamanin nan doki shi ne motar sarki, shi ne ƙarfin mayaƙa, shi ne manzo mai kai saƙo. A 1902, bayan da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a Keffi, da mahayansa ya nufi Kano, abin da ya zama ɗaya daga cikin hujjojin da Turawa suka riƙe suka ci Kano a 1903. Da yaƙi ya ƙare, doki ya koma abin ado da wasa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ɗaukaka wasan polo, ɗansa Usman Nagogo kuma ya shahara a cikinsa. A filin sukuwa na Legas, wanda daga baya aka mai da shi Dandalin Tafawa Balewa, aka yi bikin samun 'yancin Nijeriya a 1960. A nan gida kuma akwai filin polo na Keffi Polo Ranch, wanda Ahmed Aliyu Wadada ya kafa. Ko ɗan talaka da bai taɓa riƙe linzami ba ya hau dokin kara yana yaro. Saboda haka wanda ya ce a rufe idon yaro daga doki ya raba shi da wani yanki na tarihin garinsu da al'adar maƙwabtansa.

Akwai kuma abin koyo mai yawa a jikin doki. Kafin ingarma ya yi gudun minti biyu, wani ya yi watanni yana tashi da asuba, yana share barga, yana yanko ciyawa, yana tanadin harawa da dusa da kanwa, yana wanke shi, yana fita da shi kilisa. Yaron da ya ga wannan ya ga haƙuri da ido, ya kuma gane cewa dabba amana ce a hannun mutum. Ya ga cewa nasara tana da gindi, gindin nan kuwa aiki ne.

To, ina caca ta shigo? Ta shigo ne a daidai inda aka yanke wannan gindi. Mai caca ba ruwansa da barga. Bai ciyar da doki ba, bai hau ba, bai faɗi ya ƙuje ba, amma yana so ya girbi gumin doki da na mahayinsa. Kuɗin da ya ci kuwa ba daga sama suka faɗo ba, daga aljihun wani suka fito. A ciniki na gaskiya mai saye da mai sayarwa duka suna iya komawa gida da farin ciki. A caca, murnar wannan dole ta zama baƙin cikin wancan. Shi ya sa, ko da yake Littafi Mai Tsarki bai kafa wata doka da sunan caca ba, doka ta goma da ta hana ƙyashin abin maƙwabci ta taɓa zuciyarta. Maƙwabtanmu Musulmi su ma addininsu ya haramta ta ƙarara.

Wani zai ce, "Ai noma ma kasada ce. Manomin doya a Kokona ko Karu yana zuba kuɗi a ƙasa bai san yadda damina za ta kasance ba." Gaskiya ne, rayuwa ba ta rasa kasada. Amma manomi ya tarar da kasadarsa ne a hanyar neman abinci, yana kuma iyakar ƙoƙari ya rage ta. In ya yi nasara, doya ta ƙaru a kasuwa, ba wanda ya yi asara domin shi ya samu. Mai caca kuwa shi yake ƙirƙiro kasada inda babu ita, bayan an tashi kuma ba a ƙara ko ƙwayar dawa ɗaya a duniya ba. Kuɗi sun sauya hannu ne kawai.

In aka bar cacar abokai aka shiga ta kamfani, abin ya fi muni, gama lissafin kansa an gina shi ne don mai shago. A ce dawakai biyu ƙarfinsu ɗaya. Mutum biyu suka zuba naira 100 kowannensu. Adalci shi ne wanda ya ci ya karɓi 200. Amma kamfani zai biya shi kamar 190, ya riƙe 10, ko wane doki ya zo na fari. Wannan ragowa ita ce ribarsa, ba ta kuma dogara ga sa'a. Haka nan mai haɗa wasanni 10 a takarda ɗaya, in kowane wasa rabi da rabi ne, damarsa ta cin duka ɗaya ce cikin 1,024. Idan 9 suka shiga ɗaya ya ɓata, sai ya ce, "Saura ƙiris!" Wannan saura ƙiris ita ce ƙugiyar da take mai da shi gobe, alhali asararsa daidai take da ta wanda bai ci ko ɗaya ba. Ba a banza Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka ba, a kundinta da ya fara aiki a 2022, kusa da jarabar ƙwaya da giya.

Ga kuma dalilin da ya sa hana yaro zuwa kallon doki ba zai wadatar ba. A zamanin iyayenmu mai son caca sai ya tafi shagon ful ya cika takardar wasannin ƙwallon Ingila, ko ya ɓuya a lungu da karta. Yau tana cikin wayar hannu, tana kan allon talla, tana shagunan da suka cika unguwanni, har da na kewayen jami'a. Akwai ma tseren dawakan da kwamfuta take zanawa, wanda ake sakewa bayan 'yan mintoci kaɗan dare da rana. A can ba barga, ba mahayi, ba doki, sai hoto da lambobi. Ƙa'idar gidajen caca masu lasisi ita ce kada wanda bai kai shekara 18 ba ya shiga. A Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca a cikin iyakokinsu, ta ce dokar tarayya ta 2005 ba ta da ƙarfi a kansu. Duk da haka ba gwamnatin da za ta shiga ɗakin yaro da tsakar dare ta duba wayarsa. Gadin farko na iyaye ne.

Me za mu yi ke nan? Shawarata ita ce mu kai yaranmu wurin doki, amma mu fara da barga kafin fili. Nemi izinin mai doki, yaro ya ga turke, ya ɗebo ruwa, ya koyi sunan sirdi da likkafa da ragama, ya san goɗiya da dukushi. In kun je kallo, ka koya wa idonsa abin dubawa: yadda mahayi yake zama, yadda yake sassauta linzami, yadda ake kula da dokin da ya zo na ƙarshe. Kada ka sa yaro ya zaɓa maka doki a kan kuɗi, ko da naira 50 ce, kada kuma ka aike shi shagon caca da takardarka. In ya yi wayo, ka zauna da shi da biro ku yi lissafin nan na 190 da 10, gama yaron da ya gane dabarar da kansa ya fi wanda aka tsorata kawai tsayawa. Iyaye mata da malaman makarantar Lahadi su ma su sa ido: kuɗin aike da ke ɓacewa, bashin da ba a san dalilinsa ba, da fushi in an karɓi waya, duk alamu ne da bai kamata a yi shiru a kansu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Magidancin nan kuwa na ce masa kai yaron kallon doki ba laifi ba ne. Kuskuren ya faru ne a lokacin da ya sa ɗansa ya ɗanɗani kuɗin da ba a yi musu aiki ba, ya kuma haɗa ɗanɗanon da yabon uba da daɗin tsire. Yaro ya fi koyo daga hannun mahaifinsa fiye da bakinsa. Na ba shi shawara ya kira yaron ya ce masa, "Ɗana, ranar nan na yi kuskure," sa'an nan su tafi tare su mayar wa abokin nan naira 500 ɗinsa. Ya ce abin da nauyi, abokin zai yi masa dariya. Na ce haka ne, amma ɗansa zai daɗe yana tuna ranar da ya ga babansa ya mayar da kuɗin da ya ci.

Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yan da ya danƙa mana. Amin.