Doki Biyu, Shekara Arba'in

 Duk almajirin da ya zauna gaban malami a zaure ya karanta waƙoƙin Jahiliyya ya san labarin Dahis da Gabra'u. Dawaki biyu ne aka yi tsere da su, gardama ta tashi a kan wanda ya yi gaba, Banu Absi da Banu Zubyana suka kwashe kusan shekara 40 suna kashe juna. Da Zuhairu ɗan Abi Sulma ya tashi yin waƙa, sai ya tsallake jarumawa ya yabi Harimu ɗan Sinanu da Harisu ɗan Aufu, dattawan da suka ɗauki diyyar mamata a wuyansu don a sasanta. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana burin gamuwa da abokin gaba, ya ce a roƙi Allah lafiya.

Adabinmu ya rabu biyu a kan batun yaƙi. Gasar rubutu ta 1933 ta haifi *Ganɗoki* na Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, littafi mai cike da kirari da sara da suka. Ita ce kuma ta haifi *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma ni a ganina shi ya fi zurfi. A cikin littafin, Maƙau, mijin uwar Umar, ya fita hari ya dawo, abokan tafiyarsa suka kai sukarsa gun sarki, aka kore shi daga gari. Yaro Umar aka sace shi, aka haye Sahara da shi. Uwarsa ta bi sawu, ita ma ta faɗa bauta, ba ta sake sa shi a ido ba sai da ajali ya matso. Wa ya ci ribar harin? Adamu Halilu ya mai da littafin fim a 1976, aka gyara shi aka nuna a Balin ta Jamus a 2018.

Musawa, mahaifar Mamman Shata, ba ta bukatar a fassara mata wannan labari. Daga nan zuwa Matazu, Ƙanƙara da Faskari, manomi kan bar masararsa ta bushe a tsaye don tsoron 'yan bindiga, ko ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a dare ɗaya. Amma mafi yawan abin da ke yawo a wayoyi hoton mai bindiga ne da rawaninsa da tinƙahonsa, har yara na kwaikwayon tafiyarsa. Masu shirya finafinanmu na Kano, Allah Ya yi musu jagora, har yanzu ba su zauna sosai da uwar da ke ƙirga kwanaki a bakin zaure ba, alhali Tafawa Ɓalewa ya nuna musu ita tun 1934.