Amanar Malamin Tarihi a Kan Shekarar 1903

Duk malamin da aka ɗora wa koyar da tarihin zuwan Turawa ga yaran ƙaramar sakandare, waɗanda shekarunsu ba su wuce sha biyu zuwa sha huɗu ba, kuma duk abin da ya faɗa musu suke ɗauka tamkar yankan wuƙa, lalle ya sani abin da aka danƙa masa ya fi ƙarfin haddace shekaru da sunayen gwamnoni. Shaida zai bayar a kan mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda ba su da bakin kare kansu a cikin aji, shaida kuwa sharaɗinta na farko a shari'a shi ne adalci.

Wurin da wannan amana ta fi nauyi, a ganina, shi ne darasin shekarar 1903. A watan Fabrairu rundunar Turawa ta Lugga ta ci Kano, Sarki Alu ba ya gari. A ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, Sakkwato ta faɗi. Daga nan hanyar shugabanni ta rabu biyu. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya ɗauki tuta ya nufi gabas da niyyar hijira, jama'a suna barin gonaki da gidaje suna bin sa gari bayan gari, har aka cim masa a Burmi a watan Yuli, ya yi shahada tare da ɗimbin mutanensa; ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har ƙasar Sudan, inda garin da ya ci sunansa yake har yau a bakin kogin Nilu. Waziri Buhari kuwa, wanda shi ma ya bar gari, bayan ya shawarci malamai, sai ya komo Sakkwato ya yi sulhu, daga baya kuma ya rubuta risala zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana hujjarsa, cewa idan Musulmi suka rasa ƙarfi, kuma aka bar musu salla da azumi da shari'arsu, ya halatta a yi mu'amala da mai rinjaye a zahiri, zuciya kuwa tana nan a kan imaninta, domin kada raunana, mata da yara da tsofaffi, su watse babu mai jiɓintar al'amarinsu.

To, ba a gama wannan labari a aji ba tare da wani yaro ya ɗaga hannu daga bencin baya ya ce, "Malam, to wa ya yi daidai a cikinsu?" Amsa mai sauƙi tana nan kusa, kuma ita ce ke sa aji ya yi tsit: a ce wannan jarumi ne, wancan matsoraci. Amma malamin da ya faɗi haka ya zalunci mamaci, ya kuma cuci yaron, domin ya koya masa cewa duk wanda ya saɓa masa a ra'ayi munafuki ne, wannan kuwa cuta ce da muke ganin ɓarnarta a kasuwa da masallaci. Abin da ya dace ya ce shi ne, "Ɗana, dukansu biyu malamai ne, dukansu sun yi ijtihadi a rana mai tsanani, kuma malamanmu sun tabbatar cewa mai ijtihadi da kyakkyawar niyya ba ya rasa lada ko da bai dace ba." Sa'an nan ya raba ajin, waɗansu su kawo hujjar hijira, waɗansu su kawo hujjar zama, kowa ya ɗanɗani nauyin da ke kan wanda bindiga mai ruwa ke fuskantarsa, shi kuwa takobi da mashi ne a hannunsa.

Adalcin nan bai tsaya a kan namu kaɗai ba, kuma a nan ne ya fi ɗaci. Wajibi ne a faɗa wa yaro cewa mamaya zalunci ce, cewa an zauna a Balin a 1884 da 1885 ana tsara rabon ƙasashen da ba a shawarci masu su ba, cewa Faransawa sun ƙone Birnin Ƙonni a 1899, cewa an shafe garin Satiru a 1906. Amma wajibi ne kuma a faɗa masa cewa mafi yawan sojojin da suka harbi ganuwar Kano baƙaƙen fata ne, da Hausawa a cikinsu, Turawan kuwa 'yan kaɗan ne masu ba da umarni. Cewa dakarun Sakkwato ma sun fita yaƙin Satiru a ɓangaren Turawa. Cewa akwai bayi da yawa a ƙasar nan, waɗanda da dama daga cikinsu suka gudu daga gandayen iyayengijinsu da jin labarin faɗuwar birane. Addininmu ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci, ya kuma umarce mu da tsayar da shaida ko da a kan kanmu ne.

Waɗansu iyaye da malamai, waɗanda ba na shakkar kyakkyawar niyyarsu, suna cewa yaro ɗan shekara sha uku bai isa ɗaukar wannan ba, a ba shi labarin jarumta tukuna, sauran ya same shi a jami'a. Ina girmama wannan tsoro, amma ban yarda da shi ba, saboda yawancin yaran nan ba za su taka jami'a ba, kuma wanda a wannan shekaru aka riga aka karantar da shi Ahalari da Ishmawi, ya san farilla da sunna da abin da ke ɓata alwala, ba za a ce hankalinsa ya gaza fahimtar cewa mutanen kirki biyu suna iya saɓawa ba. Haɗarin da ya fi girma shi ne ya girma da rabin labari, ranar da ya tsinci sauran rabin a bakin wanda ba ya nufin sa da alheri, sai ya zargi malaminsa da ƙarya, ya watsar da gaskiyar da aka koya masa tare da abin da aka ɓoye masa.