Hidimar Dattijo A Ƙasar Da Ba A San Shi Ba



A zawiyoyin Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai dattawa masu yawa da suka ajiye aikin gwamnati alhali ƙarfinsu bai ƙare ba: tsofaffin majo na likita, ungozomomi, malaman lakkol, ma'aikatan ruwa. Idan aka shafa fatiha bayan wazifa, wasunsu kan tambayi muƙaddami ko ya dace mutum mai shekara 60 ya bar gidansa ya tafi wata ƙasa aikin sa kai don Allah. Yara kan ce Baba ya zauna ya huta. Tambayar ba ta wasa ba ce, kuma amsarta ba ɗaya ba ce ga kowa.

Tsufa shi kaɗai bai taɓa zama shamaki ba. Sayyidina Abu Ayyubal Ansari (RTA), wanda ya sauki Annabi (SAW) a gidansa ranar Hijira, ya fita da rundunar da ta nufi birnin Rumawa a zamanin Mu'awiya yana tsoho tukuf, can ya yi wafati, kabarinsa yana Istanbul har yau ana ziyara. Mutumin da ya fara da saukar baƙo ya cika yana baƙo. Amma Suratut Tauba ta ɗauke laifi daga raunana da marasa lafiya da waɗanda ba su da guzuri, muddin zuciyarsu na tare da Allah da ManzonSa. Don haka ƙofa a buɗe take, ba a tura kowa cikinta da ƙarfi.

Wurin da ya fi kusa da wannan magana a yau shi ne gabashin Cadi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, mutanen Darfur suke kwarara zuwa garin Adre da ke kan iyaka, musamman bayan kashe-kashen Janaina a watan Yunin shekarar. Kafin ƙarshen 2024 waɗanda suka tsallako sun haura dubu 600, akasarinsu mata da yara, ban da waɗanda ke zaune a sansanoni irin su Farshana tun rikicin 2003. Wanda ya san tarihin aikin hajji ba zai ji sunayen nan a matsayin baƙi ba. Kafin jirgin sama, ta nan alhazan ƙasar Hausa suke bi da ƙafa da jakuna: Abeshe, Adre, Janaina, Fashir, Ubayyid, har bakin teku. Wasu shekaru suke yi a hanya, suna noma a gonar mutane, suna kwana a zaurukansu. Wasu ma ba su dawo ba, kamar jama'ar Mai Wurno da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa gari a gaɓar Nilu. Kakannin matan da ke kwance yau ƙarƙashin tamfol a Adre su ne suka shayar da waɗancan alhazai ruwa. Ga kuma 'yan'uwantakar ɗariƙa, domin Tijjaniyya ta daɗe da kafuwa a Waddai da Darfur. Bashi ne, ko da ba a rubuta shi ba.

To me dattijo zai kai musu? Ba ƙarfin dantse ba, samari sun fi shi, kuma 'yan gudun hijirar kansu suna da samarinsu. Abin da yake da shi sani ne da haƙuri. Majon da ya yi aiki a jihar Maraɗi tun yunwar 2005 ya san tamowa kamar tafin hannunsa. Ya san idan igiyar awon dantsen yaro ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, ba a jira gobe. Ungozomar da ta yi shekara 30 tana karɓar haihuwa da fitilar hannu ta san fuskar matar da jini zai ɓalle mata. A 2024 ciwon shawara da gurɓataccen ruwa ke kawowa ya bazu a sansanonin Adre, kuma masu ciki ya fi yi wa illa, nan tsohon ma'aikacin ruwa yake da abin faɗi. Akwai kuma abin da ba a koyarwa a lakkol: macen da aka kashe mijinta a gabanta ta fi iya buɗe baki ga mai furfura.

Wanda ba shi da irin wannan sani, gara a gaya masa gaskiya. Kuɗin mota da na masauki da zai kashe, in ya aika da su ta hannun amintacce, sun fi zuwansa amfani. Sansani ba wurin yawon buɗe ido ba ne, kuma dattijon da ya faɗi ciwo a can ya cinye gadon da wani yaro yake jira. Mai hawan jini ko ciwon suga sai ya ga likita tukuna, ya ɗauki maganin da zai ishe shi har ya dawo, ya yi rigakafinsa. Da damina rafuka kan yanke hanyoyin yankin kwanaki. Kuma ba a tashi haka kawai a doshi iyaka, sai ta hannun ƙungiyar da ke aiki a wurin da izinin hukuma, wadda ta nemi irin aikin da mutum ya iya. Larabcin zaure ma sai an yi masa gyara, domin na kasuwar Abeshe daban yake, wasu tsofaffin mata kuma Masalit suka fi ji.

Sai haƙƙin gida. Annabi (SAW) ya taɓa mayar da wani mai neman fita jihadi ya koma ya kula da iyayensa. Dattijo ba shi da iyaye a raye galibi, amma yana da uwargida da ta tsufa tare da shi, da 'ya'ya mata da ba a aurar ba, wataƙila da bashi. Wanda ya bar gidansa ba cefane ya tafi ciyar da na nesa, a binciki niyyarsa. Wani ma gudun hayaniyar gida yake, ya sa mata sunan hidima. Ya biya bashi, ya rubuta wasiyya, ya nemi yardar iyali, ya karɓi izinin shehinsa.

Ga ma'abota tarbiyya, ribar tafiyar tana wani wuri da ba a cika kallo ba. Dattijo a garinsu ana ɗaukar masa takalmi, ana miƙo masa buta, ana shimfiɗa masa buzu a sahun gaba. Shekaru na wannan girmamawa kan gina wa nafsu gida ba tare da mai ita ya sani ba. A Adre ba wanda ya san ɗan wane ne shi. Likitar da za ta ba shi umarni sa'ar 'yarsa ce, wataƙila ba Musulma ba ce, kuma za ta gyara masa aiki a gaban jama'a. In ya ji zafi a ƙirjinsa a wannan lokacin, ya ga abin da lazimin shekara 40 yake ta nuna masa. In ya haɗiye ya ce to, ya sami abin da halwa take bayarwa. Shi ya sa hoton waya yake da haɗari a irin wannan aiki. Wanda ya tsaya a ɗauke shi yana miƙa wa maraya kwano, don a zagaya da shi a WhatsApp, ya dawo da buzun sahun gaba ne ta bayan gida, ban da cin mutuncin yaron da ba a tambaye shi ba. Haka nan ba a je can don jayayyar ɗariƙa ba. Ya riƙe wuridinsa safe da yamma, ya duba mara lafiya ba tare da tambayar wa yake bi ba.

Wanda likita ko iyali suka hana shi tsallaka iyaka, baƙi sun riga sun zo masa har gida. Tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka kora suke zaune a ƙauyukan yankin Gidan Runji, tafiyar da ake yi a dawo a wuni ɗaya daga Maraɗi.

Allah ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya, ya mayar da su gidajensu, albarkar Annabi (SAW). Amin.