Wa Ya Hau da Shi Sama?

Bara, wani maƙwabcinmu a Akokan ya faɗo daga saman wani tsohon sito da suke kwancewa. Mita shida ne ko bakwai. Bai mutu ba, amma har yau da sanda yake tafiya. Da muka je dubiya, kowa bakinsa ɗaya: "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Ni ma haka na ce. Sai a hanyar gida na tambayi kaina: shin addu'a na yi masa, ko kuwa wanke ɗan kwangilar da ya hau da shi sama babu igiya na yi?

Ƴan uwa, wannan tambaya tamu ce. Tun da aka rufe mahaƙar COMINAK ran 31 ga Maris 2021, bayan ta yi aiki tun 1978, garin da ya saba da gini da haƙa ya koma koyon rushewa. Kuma ba a harabar kamfani kaɗai ake kwance-kwance ba. A cikin gari ma ana cire kwanon rufi, ana yanke ƙarafa, kuma samari irinmu ake kira, aikin yini, babu takarda.

Rushewa ta fi gini haɗari. Mai gini kullum abin da yake takawa ƙara ƙarfi yake. Mai rushewa kuwa da hannunsa yake raunana abin da ke ɗauke da shi. Duk ƙusar da ya zare, ƙarƙashin ƙafarsa ya zare ta.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare rai da lafiyar ma'aikacinsa, ta ba sufetocin aiki ikon shiga wurin aiki su rubuta laifi. Asusun CNSS kuma shi ke ɗaukar wanda ya ji rauni, in an yi masa rajista. Maƙwabcinmu ba a yi masa ba.

Wani abokina a lise ya ce mini: "Kai, ai shi ya hau da ƙafarsa! In za a ci tara, a fara da shi." Akwai gaskiya a ciki, domin wasu ana ba su ɗamarar tsaro su jefar, wai zafi. Amma wa ke da ikon cewa a'a? Wanda ya bar gida babu cefane, in ya ce ba zai hau ba, mutum goma na tsaye bakin ƙofa. Alhaki yana bin iko. Wanda zai iya cewa "sauko" ba tare da ya kwana da yunwa ba, shi ne hukunci ya kamata ya fara nema.

Wani kuma ya ce tara za ta kashe ƙananan ƴan kwangila, aiki ya ƙara wuya. Na ji. Sai dai in tara ba ta kai kuɗin igiya da hular kwano da abin takawa ba, ta zama farashi kawai, mai kuɗi ya biya ya wuce. Kuma in sai an faɗo ake hukunci, to sa'a ake hukuntawa: mutum biyu sun yi sakaci iri ɗaya, an kama wanda yaronsa ya zame, an bar ɗayan. Ni a ganina laifin ya cika tun lokacin da aka tura mutum sama babu kariya.

Ban musa ƙaddara ba. Amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya sa diyya a kisan kuskure, bai ce a rufe magana da "haka Allah ya so" ba.

Jiya na sake zuwa gaida maƙwabcinmu. Ƙanensa ne ya karɓi aikin, wajen mutumin nan dai. Na tambaye shi ko yanzu an sayo igiya. Ya yi dariya, ya ce an yi alkawari.