Allah Ba Shi da Siffa: Ƙaƙa Mutum Za Ya Yi Kama da Shi?

A shekara ta 63 kafin haihuwar Almasihu, Pompi, sarkin yaƙin Rumawa, ya ci Urushalima. Ya kutsa cikin Haikali har Wuri Mafi Tsarki, inda ba mai shiga sai babban firist, shi ma rana ɗaya tak a shekara, wato Ranar Kafara. Al'umman da Rumawa suka ci da yaƙi, kowace da gumakanta. Amma a nan ya iske ɗaki wofi, babu siffa ko ɗaya. Ya mai karatu, ɗakin nan yana bayyana bangaskiyar Yahudawa fiye da dogon wa'azi.

Ga abin da suke riƙe da shi. Na fari, Allah ɗaya ne, ba ya rabuwa. Safe da maraice suna karanta shaidar nan da suke kira Shema, daga Attaura, suna kuma rubuta ta su maƙala a dogaran ƙofofinsu. Saboda haka ba su karɓi koyarwar Kirista ta Uku cikin Ɗaya ba. Na biyu, ba shi da jiki, ba a zana shi, ba a sassaƙa shi. Na uku, Sunansa mai haruffa 4 ba su furta shi; in sun iske shi cikin karatu sai su ce Adonai, wato Ubangiji.

Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus, ya yi aikin likita a Masar, ya rasu a 1204, shi ne ya tsara ginshiƙan bangaskiyarsu 13 da harshen Larabci. Ya koyar cewa inda Littafi ya ambaci hannun Allah ko idonsa, misali ne domin gajertar hankalin ɗan adam. Har ya ƙara da cewa harshenmu ba ya iya faɗin yadda Allah yake cikin zatinsa. Iyakarmu mu faɗi abin da ba shi ne ba, mu kuma duba ayyukansa.

To, a nan tambaya mai nauyi ta taso. Attaura ta ce an halicci mutum cikin kamannin Allah, ta kuma umurci Isra'ila su bi hanyoyinsa. Wanda ido bai gan shi ba, hankali kuwa bai kewaye shi ba, ƙaƙa za a bi shi?

Malaman Talmud sun amsa da misalai 4 daga Attaura. Allah ya suturta Adamu da Hauwa'u, sai kai ma ka suturta matsiraici. Ya ziyarci Ibrahim sa'ad da yake jinya, sai ka gai da marar lafiya. Ya sa wa Ishaku albarka bayan rasuwar ubansa, sai ka yi wa mai makoki ta'aziyya. Ya binne Musa, sai ka binne matacce. Duba fa, ba su ce ka yi kama da shi cikin iko ko sani ba, gama wannan ya fi ƙarfin ɗan adam, kama da wane kuwa ba wane ba ne. Ƙofar da aka buɗe ita ce ta jinƙai da gaskiya. Shi kansa ɗan Maimun, bayan zurfin bincikensa duka, da wannan ya rufe littafinsa mai suna Dalalatul Ha'irin: ƙarshen sanin Allah shi ne mutum ya yi koyi da alherinsa da shari'arsa da adalcinsa.

Watakila wani za ya ce, ashe sanin gaskiya game da Allah bai isa ba? Bai isa ba. Mutum yana iya rushe gunkin dutse, ya kafa wani a zuciyarsa: allahn da yake ƙin duk wanda shi yake ƙi, yana kuwa kau da kai daga zambarsa. Wannan ma sassaƙa ce, ko da ba a taɓa gizago ba. Domin haka Attaura ta haɗa tsarkin Allah da al'amuran kasuwa da gona: mudu na gaskiya, ma'auni na gaskiya, kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, a bar gefen gona domin matalauci da baƙo.

Ya ɗan'uwana, auna kanka da wannan. Bakinka yana shaida Allah ɗaya ne. Mudunka fa, ɗaya ne, ko kuwa kana da na saye dabam, na sayarwa dabam? Kana tsoron ambaton Sunansa a banza; hakkin wanda ya yi maka noma fa, ya kai gare shi kafin rana ta faɗi? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Maƙwabcinka ba za ya ga Allah da ido ba, amma yana ganin yadda kake yi da gwauruwa da maraya da mai jinya, daga nan kuwa za ya gane ko wane ne kake bauta wa.