Dutse Tuwo Ne?

Wani dattijo a Yankwashi ya taɓa jin ina ba da labarin cewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya masu nazarin ƙasa suna adana duwatsu, kowanne da takardar sunansa da inda aka samo shi. Sai ya dube ni ya ce, "Yaro, ga duwatsu nan birjik daga Kazaure har Roni. Me ya kai mutum ga ɓoye dutse? Tuwo ne?" Na yi dariya a lokacin, amma har yau tambayar ba ta bar ni ba.

Dattijon nan yana da hujja. Mai fasa dutse da guduma a cikin rana, tsakuwar da ya tara ita ce gero da man miyar gidansa. Wane ne zai ce masa ya ajiye guduma saboda ilimi? Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To amma jama'a, ba duk duwatsu suka zama ɗaya ba. Na ƙasar Kazaure sun haura shekara miliyan 500. A Kalambaina kusa da Sakkwato, inda ake haƙar dutsen siminti, ana tarar da ɓawon halittun teku a cikin dutse, shaidar cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce ruwan teku ne ya rufe wurin. A Gadufawa cikin hamadar Nijar kuwa, a 1965 wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya gano ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba wadda ta shuɗe tun kafin a san ɗan Adam. Irin waɗannan duwatsu shaidu ne, kuma shaida idan aka niƙe ta, ba mai sake jin abin da ta zo faɗa.

A nan ne maganar ta zama ta amana. Tsakuwa tana ko'ina, in ta ƙare a wannan tsauni a koma wancan. Dutsen da ke ɗauke da labari kuwa sau ɗaya ake samunsa, kuma ba mu kaɗai ke da haƙƙi a kansa ba, har da jikokin da ba a haifa ba. Laifin ba na mai guduma ba ne, tunda ba wanda ya taɓa nuna masa bambancin. Laifin na wanda ya sani ne ya kulle saninsa a jami'a.

Mu ma marubuta mun san wannan ciwo. Littattafan kakanni nawa gara ta cinye, rubutu nawa aka ƙunshe ƙosai da shi, don kawai magada ba su san abin da suka gada ba?

Da zan sake zama da dattijon nan, cewa zan yi: "Baba, gaskiyarka, dutse ba tuwo ba ne. Amma ko a shekarar yunwa, ai ba ka taɓa daka irin shuka ba."