Abokin Kokawarka Yana Cikin Ƙirjinka



In kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, ka san abin da yakan biyo baya a garuruwanmu na Madawa da Buza da Keita. Makaɗa su ɗauki ganga, samari su sha ɗamara, jama'a su kewaye dandali. Ko ka taɓa ganin yaro siriri ya ka da ƙato? Waɗansu sukan ce sa'a ce, waɗansu su ce asiri ne. Amma tsofaffin 'yan kokawa da suke zaune a gefe sun san abin da ya faru. An yi wa ƙaton baƙar magana, zuciyarsa ta tashi, ya kai hannu ba lissafi, ya bar ƙafarsa a buɗe. Fushinsa ne ya fara ka da shi, yaron ya ƙarasa kawai.

A shekarar 1975 aka fara kokawar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauki takobin farko. Tun daga lokacin kowace jiha takan aiko da ƙarfafanta. Dukansu ƙarfafa ne, takobi kuwa ɗaya ne. To, in ƙarfi ya zo daidai, me yake raba mutum da mutum? Bari mu nemi amsa a wani wasa na nesa, gama wani lokaci mutum ya fi ganin kansa a madubin baƙo.

Wasan Ƙwallon Kwando

Wani malami mai suna James Naismith ne ya ƙago wannan wasa a Amurka a 1891. Mutum biyar suna karawa da mutum biyar. Kowane gefe yana ƙoƙari ya jefa ƙwallo cikin zoben ƙarfe da aka rataye sama, tsayinsa mita 3 da santimita 5. A babbar gasar Amurka, wadda ake kira NBA, kowace ƙungiya takan yi wasa 82 a shekara kafin a shiga neman kofi. In ƙwallo ya zo hannunku, daƙiƙa 24 kaɗai gare ku ku jefa. Ka lura da wannan: 'yan wasa goma ne a fili, ƙwallo guda ne. Saboda haka kowane ɗan wasa, sau da yawa a dare ɗaya, dole ya yanke shawara: in jefa da kaina, ko in miƙa wa ɗan'uwana da ya fi ni wuri mai kyau? A nan hali yake fitowa fili.

Fushi

A 2016 ƙungiyar Golden State ta ci wasa 73 cikin 82. Ba a taɓa yin haka ba. A karawar ƙarshe, wanda ya fara cin wasa huɗu shi ne da kofi. Golden State ta ci uku, Cleveland ta ci ɗaya. Saura taki guda. Amma ɗaya daga cikin ginshiƙansu, Draymond Green, ya riga ya tara laifofin zafin rai a wasannin baya. A wasa na huɗu ya kai wa LeBron James hannu cikin fushi, sai aka hana shi wasa na biyar. Cleveland ta ci wannan, ta ci na shida, ta ci na bakwai, ta tafi da kofi. Akwai waɗansu dalilai, har da rauni da ya sami wani ɗan wasansu. Duk da haka Green da kansa ya amsa cewa yana da laifi a wannan hasara.

Ka ga, fushin daƙiƙa ɗaya ya taɓa wahalar wata takwas ta mutane da yawa. Mai fushi yakan ce, "Zuciyata ce, ina ruwan wani?" Ashe ba shi kaɗai yake biya ba.

Tawali'u

David Robinson na San Antonio dogo ne, mita 2 da santimita 16. A 1994 ya zuba maki 71 a wasa ɗaya. A 1995 aka zaɓe shi gwanin gwanaye na shekara. Amma kofi ya ƙi zuwa. A 1997 ƙungiyarsa ta ɗauko wani saurayi mai suna Tim Duncan. Ka yi tunani: kai ne sarkin noman gari, ga yaro ya zo, garmarsa ta fi taka sauri. Me za ka yi? Da yawa za su yi masa ƙafar ungulu. Robinson, wanda bai ɓoye bangaskiyarsa ta Kirista ba, ya karɓi yaron, ya koya masa, ya bar masa yawancin jifa, shi kuwa ya koma tsaron gida da aikin da ba a tafa wa. Dā yakan zuba kusan maki 30 a kowane wasa, a shekarar 1999 ya sauko kusan 16. A wannan shekara ce San Antonio ta ci kofinta na farko. Suka sāke ci a 2003, sa'an nan Robinson ya huta.

Sa'ad da makinsa suka ragu, a sa'an nan ya sami abin da ya daɗe yana nema. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kome ƙarfinsa.

Haƙuri

Kada ka ce wannan labarin mutanen nesa ne. Masai Ujiri a Zariya ya girma, a can ya fara wasan yana ɗan shekara 13. Ya yi wasa 'yan shekaru a ƙasashen Turai, bai yi suna ba. A 2002 ya karɓi aikin nemo 'yan wasa domin ƙungiyar Orlando, ba albashi, da kuɗin aljihunsa yake tafiya. Wani zai ce wauta ce. A 2010 aka ba shi riƙon ƙungiyar Denver. A 2019, yana shugaban ƙungiyar Toronto ta Kanada, suka ci kofin NBA. Ƙofar da ya so ta rufe, bai zauna yana zargin mutane ba. Ya shiga ta ƙaramar ƙofa da kansa a sunkuye.

Amma Wani Zai Ce

Wataƙila ɗanka mai sauraron rediyo zai ce, "Baba, Michael Jordan fa? Ai mutum ne mai zafi, ga tsanani ga abokansa, ya kuwa ci kofi shida." Gaskiya ne, kada mu ɓoye. A 1995 ma ya naushi abokin wasansa Steve Kerr a wurin horo. Ɗan wasan da ba shi da wuta a ciki ba zai kai ko'ina ba, kamar yadda manomi mai sanyin jiki ba ya cika rumbu.

Amma ka duba sauran labarin. Jordan ya shiga gasar a 1984, ya yi shekara shida yana zuba maki kamar ruwan Agusta, ba kofi. Sai a 1991, bayan mai horonsu Phil Jackson ya shawo kansa ya riƙa amincewa da abokansa, suka fara ci. Bayan naushin nan kuma, Jordan ya kira Kerr ya nemi gafara. A 1997, a daƙiƙun ƙarshe na wasan da ya ba su kofi, aka tare Jordan, sai ya miƙa wa Kerr ƙwallo, Kerr ya jefa ya shiga. Wuta a murhu tana dafa tuwo. Wutar nan in ta kama dangar kara, unguwa ce za ta ƙone. Abin tambaya shi ne, wa yake riƙe da ita?

Sai mu faɗi wata gaskiya kuma. Kyakkyawan hali ba ya ƙara wa gajere tsawo. Akwai masu kirki da yawa da suka yi wasa har suka tsufa ba su taɓa kofi ba. Tsawo da sauri da ƙarfi baiwa ce, ba ka saya ba, ba ka da abin fahariya a kansu. Abin da aka bar a hannunka shi ne yadda za ka riƙe baiwar. A kan wannan ne ya kamata a auna mutum.

Hali Zanen Dutse Ne?

Kakanninmu sun ce hali zanen dutse. Mutane da yawa sukan ɓuya a bayan wannan magana. "Haka aka haife ni, haka ubana yake." Amma dubi Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas a 1963. Sa'ad da ya shiga ƙungiyar Houston a 1984, an san shi da saurin hannu da faɗa a fili. Daga baya ya natsu ƙwarai. Shi Musulmi ne, ya kuwa ce komawarsa ga ibada ce ta kwantar masa da zuciya. A 1994 da 1995 ya kai Houston ga kofi, waɗanda suka san shi dā suka yi mamakin sanyin halinsa.

Mutanen Keita sun san wani abu game da dutse. Daga 1984, sa'ad da aka fara babban aikin raya ƙasa da taimakon Italiya, mata da maza suka riƙa ɗaukar duwatsu a ka, suna jerawa a kan fako domin su tare ruwa. Ba a rana ɗaya aka ga canji ba. Amma wuraren da dā ko ciyawa ba ta fita, itatuwa suka tsiro. Haka hali yake gyaruwa: dutse ɗaya yau, dutse ɗaya gobe. Yau ka haɗiye baƙar magana guda. Gobe ka ce wa matarka, "Na yi kuskure." Jibi ka yabi maƙwabcin da albasarsa ta fi taka.

Kai Fa?

Ya mai karatu, mai yiwuwa ba za ka taɓa riƙe ƙwallon kwando ba. Amma kana cikin ƙungiya. Gidanka ƙungiya ce, gayya ƙungiya ce, masu rabon ruwa a fadama ƙungiya ce. 'Ya'yanka suna kallon yadda kake yi in an ɓata maka rai, da yadda kake yi in ƙanenka ya fi ka samu. Abin da suka gani shi za su ɗauka zuwa dandali, su kai shi gidajen aurensu.

Yau da dare, bayan tuwo, ku zauna a tabarma ku tambayi juna:

1. Wace hasara ce fushi ya taɓa jawo wa gidan nan?
2. Wane ne a cikinmu yake yin aikin da ba a yaba masa? Yaushe muka gode masa?
3. Akwai wanda ya kamata in je wurinsa in nemi gafara kafin ranar kasuwa?

Maigida, kai za ka fara amsawa. In yara suka ji babba ya amsa laifinsa, su ma bakinsu zai buɗe.